Kalacin Madugu a Gayyar Maitama

A Gozaki, zamanin da ake ɗauko goro daga Gwanja a bayan jakuna, an yi wani magidanci ana ce masa Maitama. Mutumin kirki ne, ba ya sata, ba ya faɗa, ba ya wasa da salla. Aibinsa guda ne tak: sau ɗaya a rayuwarsa ya taɓa bin ayarin fatake, kuma ya hana gari ya manta. Masu tsegumi sun ce iyakarsa Zariya, can jakinsa ya yi ɗingishi aka baro shi a zango. Shi kuwa in ya miƙe ƙafa a gindin ceɗiyar ƙofar masallaci, sai ka ji ya haye Kwara sau huɗu, ya ci tuwo ƙwarya ɗaya da madugai, har wani sarki ya roƙe shi ya zauna ya ƙi.

A daminar da muke zance, ruwa ya yi ta zuba ba hutu, harƙiya ta taso a gonar dawarsa har ta fi dawar tsawo. Gona ce makekiya, hannu ɗaya ba zai kai ƙarshenta ba kafin ciyawa ta shaƙe shuka, ga rumbunsa in an zura hannu sai an yi ɗage ake taɓo hatsi. Sai ya je wurin Buba Sarkin Noma ya roƙi gayya, aka sa masa ranar Alhamis. Gayya kuwa a garin zagaye take yi, kowane magidanci rana ɗaya ce tasa, in ta wuce sai baɗi. Majiya ƙarfi su fito bayan sallar asuba da cikinsu wayam, su yi noma har hantsi, sannan mai gona ya kawo kalaci. In kalaci ya yi daɗi, a kai la'asar ana aiki. In bai yi ba, kowa ya san hanyar gidansu.

Ran Talata da safe matarsa Sakinatu ta kawo masa koko da ƙosai a zaure. Gwaggonsa Tasalla ta shigo gaisuwa, ga kuma Mati makaɗin gayya ya zo jin inda zai tsaya da gangarsa. Maitama ya ga an taru, bakinsa ya fara ƙaiƙayi. Ya kurɓi koko, ya juya shi a baki, ya girgiza kai.

"Wannan ne za a kai wa ƙatti talatin jibi?"

Sakinatu ta ce, "Shi ne, Malam. Shi kake sha shekara goma sha ɗaya, ban taɓa jin an tsince ka a hanya ba."

"Ai ni jikina ya riga ya sha abincin ayari, shi ya sa. Amma koko abin sa barci ne. Ki ba ƙato ludayi uku, ki same shi a gindin ɗorawa yana minshari. Mu a hanyar Gwanja akwai abin da ake kira kalacin madugu. Loma ɗaya, mutum ya ɗauki jakinsa a kafaɗa in jakin ya gaji."

Mati ya ce, "Kai ma shi ka ci ka ɗauko naka daga Zariya?"

"Daga Gwanja, Mati. Kunnenka ganga ta cinye shi."

Gwaggo Tasalla ta ajiye sandarta. "Kai ɗan nan, bari in gaya maka. Gero a jiƙa shi ya kwana, a niƙa da citta da kanumfari da masoro, a tace, a bar shi ya kwanta ya ɗan yi tsami, a dama da ruwan da ke tafasa. Wake a surfe shi, a wanke, a niƙa da albasa da barkono, a buga har kafaɗa ta yi ciwo. Da wannan ubanka ya nome gonar nan, da shi kakanka ya sare dajinta. Me ka fi su?"

"Na fi su yawo, Gwaggo. Ki amsa mini: gero lafiya ne?"

"Lafiya ne."

"Wake fa? Zogale fa? Tsamiya, nono, zuma? Kanwa, wadda ko doki aka ba sai ya yi haniniya?"

"Duk lafiya ne, kowanne a muhallinsa."

"To, me ya sa za a raba lafiya gida bakwai? Madugu haɗa su yake yi wuri ɗaya, ya toya a tanda kamar waina. Mata ne dai ba su san sirrin ba."

Sakinatu ta miƙe. Ta shiga ciki, ta fito da muciya, da ludayi, da rariya, da mara, ta jera su gabansa kamar kayan lefe, ta ɗan rusuna.

"Ga madafi can, Malam, ga murhu. Ni da ma kaɗin auduga ya taru mini."

Da babu Mati a wurin, da Maitama ya yi dariya ya ce wasa yake. Amma makaɗi ya ji, kuma abin da makaɗi ya ji gari ya ji. Kafin azahar har masu rini a bakin marina sun san Maitama ne zai yi girkin gayyarsa da hannunsa.

Ran Laraba da hantsi ya naɗe hannun riga, ya cika turmi da gero har baki, ko ruwa bai yayyafa ba. Ya ɗaga taɓarya ya saki da ƙarfin namiji. Rabin geron ya tashi sama ya sauko kamar ƙanƙara. Kajin gida uku suka ji labari, suka zo ta ƙarƙashin danga da 'ya'yansu. Sakinatu na zaune a inuwa, mazarinta na juyawa, idonta a kan zare.

Adama maƙwabciyarsu ta leƙo ta saman danga, ta dubi Maitama. "Sannu da aiki, uwargida! Yau ke ce da girki?"

Maitama ya ce, "Adama, ki koma ki kira sauran, ku zo ku koyi daka."

Ta kuwa kira su. Kawuna shida suka jeru a kan danga. Maitama ya tuna yadda mata ke wurga taɓarya sama su tafa su cafe, ya ce a ransa in mace ta tafa sau ɗaya, shi sai ya tafa uku. Ya wurga. Ya tafa ɗaya, ya tafa biyu, kafin ta uku taɓarya ta dawo ta sami babban yatsansa na ƙafa. Ya zagaya turmi sau biyu da ƙafa ɗaya.

"Wannan fa, rawar Gwanja ce?" in ji Adama.

"Haka ake yi," ya faɗa ta tsakanin haƙora, "don hatsi ya san an girmama shi."

Wake kuwa ya ce ba za a surfe shi ba, ai ƙarfin wake a ɓawonsa yake, mata ne ke zubar wa awaki. Ya durƙusa kan dutsen niƙa ya niƙa shi haka nan, da ɓawo, da tsakuwa, da ɗan abin da ya samu na fatar yatsunsa. Ya niƙa barkono, gumi ya gangaro, ya share ido da hannun. Abin da ya faɗa a lokacin ba da harshen Gozaki ba ne, ba kuma na Gwanja ba.

Da azahar ya tuna zuma. Yana da amya a kan ɗorawar bayan gari. Gwaggo ta ce ya jira rana ta faɗi ya tafi da hayaƙi, kamar kowa. Ya ce hayaƙi na matsorata ne, shi yana da addu'ar da wani Bagwanje ya ba shi, in ya karanta ƙudan zuma sai su matsa gefe su ba shi wuri. Allah ne ya san abin da ya faru a kan ɗorawar nan. Abin da gari ya gani dai, Maitama ya shigo ta ƙofa a guje da ƙoƙon zuma a hannu, ido ɗaya ya rufe ruf, leɓensa na ƙasa ya sauko kamar na raƙumi.

Sakinatu ta ɗago kai. "Sun matsa, Malam?"

"Sun matsa. Wasu ne 'yan baƙi ba su san ni ba."

Da la'asar ya jawo babbar kwatanniya. Ya zuba gero, ya zuba wake, ya zuba dakakken zogale har ƙullu ya koma kore. Ya juye nono ƙwarya guda, ya bi da zuma, ya bi da ruwan tsamiya mai kauri. Sannan ya jiƙa kanwa cikin hannu biyu ya tuttula a kai. To, duk macen da ta taɓa tsayawa a bakin murhu ta san tsamiya da kanwa ba sa ga maciji. Ƙullu ya yi wani shuuu, ya taso da kumfa, ya haura bakin kwatanniya ya nufi ƙafafunsa.

Matan kan danga suka sa salati. Maitama kuwa idonsa mai gani ya yi ƙyalli.

"Kun gani? Kun ga ƙarfi da idonku? Ko a kwatanniya ya ƙi zama! To, ina ga ya shiga cikin ƙato?"

Gwaggo ta ce, "Shi nake tsoro."

"Abin da ya rage, kada ƙarfin ya gudu kafin gobe. Ku mata kuna barin ƙullu a buɗe, iska ta sha albarkar, ku kai wa maza saura."

Ya ɗauko tuluna uku masu ƙuntataccen wuya, ya ɗura ƙullu har maƙogwaro, ya cusa tsumma, ya kwaɓa laka ya liƙe bakin kowanne kamar mai rufe rumbu. Ya jera su a gefen murhu inda ke da ɗumi, wai kada su ji sanyi.

Gari ya waye Alhamis. Ƙatti talatin suka fita da fartanyu, Buba Sarkin Noma a gaba, Mati na biye da ganga. Maitama ya tsaya shirya kaya, don ya ce a gona zai toya, a ci da zafi. Ya ɗora wa jaki mangala, tulu ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Na uku ya aza a kansa, tanda a hammata, goran man gyaɗa a wuya.

Sakinatu ta karkata kunne. "Malam, tulun nan magana yake yi."

"Gaisuwa ce."

"Na hagun ma gurnani yake."

"Shi ne babbansu. Buɗe mini ƙofa."

Rana ta ɗaga, ta bugi tuluna. Jaki na tafiya yana girgiza su, su kuma suna ta ƙunƙuni. Daidai ƙofar gari, inda tsohon mai gadin ƙofa ke gyangyaɗi da mashinsa, tulun dama ya ce ya gaji. Tau! Murfin laka ya tashi ya bugi ƙyauren ƙofa kamar harsashi. Tsoho ya zabura, bai tsaya buɗe ido ba ya kwarma ihu: "Mahara! Mahara sun zo da bindiga!" Mata masu zuwa rijiya suka watsar da guga, wani mai itace ya haye ganuwa da kayansa a ka. Jaki kuwa da ya ji abu mai ɗumi yana feso masa a kunne, ya ɗaga wutsiya ya fita da gudun da ba a taɓa sanin yana da shi ba.

"Kun ga!" Maitama ke faɗi yana binsa da ɗingishi, tulu a ka. "Ƙanshi kawai ya ji! Ku dubi gudu!"

A gona an yi kunya goma sha biyu, ciki ya fara kira, ana ta waiwayen hanya. Sai ga jaki ya ɓullo, rabinsa kore, yana tafe yana feshi. Ya ratsa tsakiyar dawa, ƙatti suka dare. Buba, da yake shi ne babba, ya tsaya ya ware hannu zai tare shi. Jaki ya ci birki, mangala ta zame, tulun hagu, babbansu, ya sauka a gaban Sarkin Noma ya faɗi abin da ke cikinsa gaba ɗaya.

Da ƙura ta lafa, Buba na tsaye yadda yake, hannu a ware, kore shar daga hula har gwiwa, ido biyu kawai ke motsi. Mati ya buga gangarsa don ya ji ko tana da rai, ta ce masa ɓaf.

Maitama ya iso yana haki. "Sarkin Noma, kada ka goge! Ta fata ma yana shiga."

Buba ya tofar da abin da ya shiga bakinsa. "Maitama, mun fito tun asuba. Ina kalaci?"

"Ga shi a kaina. Waɗancan biyun ɗanɗano ne."

Ya sauke tulu na uku, ya haɗa duwatsu, ya hura wuta, ya ɗora tanda, ya zuba mai. Ƙatti suka ja da baya taku goma, wasu suka laɓe bayan ɗorawa. Wani ya ce ya juya bakin tulun wajen daji kafin ya buɗe.

"Ni da na buɗe tulun albarushi a Gwanja?" Ya rungume tulu tsakanin gwiwoyi, ya sunkuya a kansa, ya ƙwanƙwasa lakar da ƙotar fartanya.

Hularsa dai sai washegari aka gan ta a kan reshe.

Duk da haka bai karaya ba. Ya share fuska, ya karkata tulu, ya samu kamar ludayi biyu a gindi. Ya zuba a ramin tanda. Ƙullu ya taɓa mai, ya kumbura, ya haura, ya gangara cikin wuta, wuta ta yi tsalle ta lashe masa gefen gemu. Da hayaƙi ya washe, aka ga wani abu guda ɗaya a manne da tanda, baƙi a waje, kore a ciki. Ya ɓamɓare shi da wuƙa, ya ɗora a ganye, ya miƙa wa Buba da hannu biyu, don a al'ada Sarkin Noma ke fara ɗanɗana kalacin gayya kafin kowa.

Buba ya dubi abin, ya dubi mutanensa. Sarauta nauyi gare ta. Ya yi bisimilla ya gatsa. Aka ji tsakuwa ta yi ƙaras. Ya tauna sau ɗaya, hawaye ya yanko hanya biyu a cikin koren fuskarsa. Ya haɗiye da ƙyar, ya dafa kafaɗar Mati.

"Maitama, tsakaninka da Allah. Madugun nan da ya koya maka, ya koma gida da ransa?"

"Ai sai an saba, Sarkin Noma. Loma ta biyu..."

"Mutum talatin, waina ɗaya, ita ma ga ta nan a maƙogwarona ta rasa inda za ta. Jama'a, a saɓa fartanya."

Nan fa Maitama ya dubi gonarsa da ido ɗaya. Kunya goma sha biyu an nome, jaki ya tattake biyar, sauran kuwa harƙiya na ta kaɗa kai har inda ido ya tsaya. Ya buɗe baki zai yi roƙo, sai iska ta juyo daga gabas. Hanci talatin suka ɗaga a tare.

Ƙosai ne. Kuma ba ƙosan wasa ba, irin wanda aka buga har ya yi sauƙi, da albasa a ciki.

A tsallaken iyakar gonar akwai 'yar gayaunar auduga da Sakinatu ta gada wurin mahaifinta. A gindin kaɗanyar da ke bakinta, ga Gwaggo Tasalla a zaune gaban kasko tana tsamo ƙosai ja-ja, ga Adama tana yanka albasa a kan kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ga Sakinatu tana dama koko a babban masaki, tururi na tashi da ƙanshin citta. Ashe tun ran Talata ta jiƙa geronta a gidan Gwaggo.

Maitama ya yi tsalle da ƙafarsa mai lafiya. "Kun gani! Dabarar ayari ke nan, kullum da shiri na biyu! Sakinatu, maza ɗauko nan!"

Sakinatu ta ci gaba da damu. "Haba, Malam. Koko ne fa, mai sa barci. Ina ni ina kawo shi gonarka ya kwantar maka da ma'aikata? Mu mata ne muka fito 'yar ciyawarmu, muka taho da ɗan abin taɓawa."

"Masaki guda ne ɗan abin taɓawa? Ku uku?"

Gwaggo ta ce, "Tsufa ci gare shi, ɗan nan."

Buba ya matsa bakin iyaka, ya yi gyaran murya. "Gwaggo, in baƙi suka biyo ta nan fa?"

"Baƙon da ya zo da fartanya ba ya rasa ludayi."

Buba ya juyo ya dubi mutanensa. "Tun kakanni, gayya ta wanda ya ciyar ce. Mati, in gangarka ta bushe, juya ta gabas."

Suka tsallaka kamar tumaki sun ga dusa. Aka zauna aka sha koko har gumi ya karyo, aka bi da ƙosai, aka danne da kwaɗo. Babu wanda ya yi minshari. Suka tashi suka faɗa wa audugar Sakinatu, kafin rana ta take tsaka sun share ta tas, suka wuce geron Gwaggo da ke gefe, Adama na nuna musu inda gyaɗarta take don kada su ɓata hanya.

Maitama ya daɗe a tsaye kan iyaka. Tun daren jiya bai sa komai a ciki ba, yana tanadin wuri wa kalacin madugu. Ya matso a hankali, ya tsuguna kusa da kasko.

"Gwaggo, ko guda uku. Don dai in ji inda kuka yi kuskure."

"Ka ji sharaɗi da kunnenka. Ina fartanyarka?"

"Ni ne fa mai gayya!"

"To, mai gayya ya je ya ci a gonarsa."

Ya dubi Sakinatu. Ta miƙo masa fartanya da hannu biyu, da ladabi, har da rusunawa.

Bayan azahar wani mai tallan gishiri ya biyo ta hanyar Maska da jakinsa. Ya ga ƙatti suna noma ana kiɗa, ya ga wani a ƙarshen layi ba hula, rabin gemu, ido ɗaya a kumbure, yana noma da hannu ɗaya yana tura ƙosai a baki da ɗayan. Ya tsaya ya yi sallama.

"Sannunku da aiki! Wannan gayya ta wace ce haka, mai albarka?"

Maitama ya miƙe, ya haɗiye, ya bugi ƙirji.

"Tawa ce, baƙo. Ni na kira ta, mutum talatin, babu wanda ya ƙi zuwa." Ya waiwaya ya dubi harƙiyar da ke rawa a tsallaken iyaka, ya sake duƙawa. "Gonar ce dai aka ɗan samu saɓani."